Ƙafa Ta Taka, Saura Hannu

Da wuya ka zaga unguwa a garuruwanmu ba ka ci karo da shi ba. Dattijo ne ko dattijuwa, wani lokacin ma magidanci ne da ko furfura bai fara ba, yana tafe yana jan ƙafa ɗaya, sai ya wurga ta gefe kafin ya dire ta, hannu kuwa na nan naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule. In ka tambaya a ce maka shanyewar ɓarin jiki ya yi, amma alhamdu lillahi ya samu sauƙi, tunda ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Da tafiya muke auna sauƙin wannan ciwo. Hannun ba mai ko ambatonsa, an riga an sallama shi ga ƙaddara.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ke nan: me ya sa ƙafa take dawowa, hannu ya noƙe? Ita ta kai ni sashen gashin ƙashi na wani babban asibiti a ɗaya daga biranen Arewa, ranar da ake ganin masu shanyewar jiki. Shugaban sashen ya karɓe ni da fara'a, ya haɗa ni da wata likitar gashi da ta daɗe tana aiki da masu wannan lalura.

Tun kafin ƙarfe 8 bencin baranda ya cika. Kowane majinyaci da ɗan rakiyarsa, wani ma biyu, domin mai rabin jiki ba ya saukowa daga adaidaita sahu sai da mai tallafa masa. Akwai waɗanda daga sallar asuba suka kamo hanya daga ƙauye. Ɗakin dogo ne, labule ya raba maza da mata. Ga gadaje, ga fitilar gashi, ga keken motsa jiki, ga wasu dogayen ƙarafa biyu da ake dafawa a koyi tafiya a tsakaninsu. Duk hayaniyar a wurin ƙarafan take. "Taka, Baba! Ɗago ta! Yauwa!" In mutum ya kai ƙarshe har masu jinyar wasu sukan taya shi murna.

Can ƙurya, kusa da taga, akwai wani tebur da ba mai yi wa tafi. A kansa akwai farantin silba da wake a ciki, da murafen kwalba, da maɓallai, da abin matse shanya, da kofunan roba, da buta, da tsohuwar riga, da madubi a tsaye. Wani dattijo na zaune a gabansa, ya kafa wa ƙwayar wake ido, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa. Babban yatsa da manuniya sun kama ƙwayar, hannun ya ɗago yana rawa har ya kai bakin kofi, sai yatsun suka ƙi saki.

Ɗansa da ke tsaye a kansa ya kasa haƙuri. "Likita, tun daga ƙauye fa muka biyo kuɗin mota. A ce wake za a ba shi ya tsinta? A sa masa na'ura mana."

Ba ta ji haushi ba, da alama ta saba jin haka. "Za a sa wa kafaɗar fitila saboda ciwon da take masa. Amma ɗan'uwa, fitila ba ta koya wa hannu komai. Waken nan shi ne maganin Baba."

Da ta samu sarari na yi mata tambayata. Ta ce in fara da sanin cewa hannun lafiyarsa lau. Ƙashinsa da tsokarsa da jijiyoyinsa duk suna nan yadda Allah ya halicce su. Ɓarnar a ƙwaƙwalwa take, inda wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sashen da take shayarwa ya rasa jini, ƙwayoyinsa suka mutu. Hanyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna gittawa ne a gindin kai kafin su shiga laka, shi ya sa in ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, ɓarin dama na jiki ke shanyewa. Kuma da yake wurin magana a ɓarin hagu yake ga yawancin mutane, sau da yawa hannun dama da harshe tare suke tafiya.

Hannu kuma gaɓa ce mai tsada a wurin ƙwaƙwalwa. A 1937 wani likitan tiyata a Kanada, Wilder Penfield, ya wallafa taswirar wuraren da ke motsa kowace gaɓa, sai ga shi hannu da baki sun cinye fili mai yawa, fiye da abin da girmansu a jiki zai sa a yi zato. Jijiyar jinin da ta fi yawan toshewa kuwa ita ce mai shayar da yankin hannu da fuska. Yankin ƙafa wata jijiyar daban ce ke shayar da yawancinsa. Ga shi motsa yatsa ɗaya ba tare da 'yan'uwansa ba ya dogara ne kacokan a kan hanya guda da ta miƙe daga saman ƙwaƙwalwa, alhali ƙugu da kafaɗa suna da wasu hanyoyin da ke kama musu.

"Wannan na Allah ne," in ji likitar. "Amma akwai namu. Ba a tafiya da ƙafa ɗaya. Duk tashi daga tabarma, duk zuwa banɗaki, dole ƙafar mai ciwo ta ɗauki nauyi, tana so ko ba ta so. A wuni za ta yi taku ɗaruruwa ba wanda ya sa ta. Hannu kuwa yana da ɗan'uwa. Ya gwada ɗaukar kofi ya zubar, ya sake ya zubar, sai mai lafiyar ya karɓi aikin, shi ke nan."

Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, shi ya fito da wannan a fili da gwajin da ya yi a kan birai. An yanke musu jijiyar ji ta hannu ɗaya, sai suka daina amfani da shi gaba ɗaya, ko da yake yana iya motsi. Da aka ɗaure mai lafiyar, sai ga su suna miƙa wancan suna ɗaukar abinci. Ashe rashin aikin ma koyonsa ake yi. Likitar tana da yadda take faɗa wa mutanen ƙauye wannan magana. Takan ce in gada ta karye, mutane sukan ratsa ta gona. Ranar farko ƙaya ce da ciyawa, amma in ana bi kullum turba za ta fito. In kowa ya koma gida ya zauna, ciyawa ce za ta rufe wurin. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma maƙwabtansu na iya koyon aikinsu, muddin ana nemansa a wurinsu sau da yawa.

Na lura kusan duk wanda ya shigo akwai ƙwallon roba a aljihunsa ko a jakar mai rakiyarsa. Shi ne abu na farko da 'yan dubiya ke kawowa, a ce ya riƙa matsawa. Likitar takan karɓa ta ajiye gefe. Tsokokin da ke dunƙule hannu su suka fi ƙarfi, su ne kuma ke sanƙarewa bayan wannan ciwo. Damƙa takan dawo da wuri. Abin da ke ba da wuya shi ne buɗewa, kamar yadda dattijon nan ya kama ƙwayar wake ya kasa sakinta. Abu na biyu da take hanawa da kakkausar murya shi ne jan majinyaci ta hannun da ya shanye in za a tayar da shi. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, in aka ja sai gaɓar ta zame, ciwo ya zauna, kuma kafaɗa mai ciwo ba ta barin hannu ya koyi komai.

Babban abin da ke ci mata rai shi ne makara. Watanni 3 na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara. Ana samun cigaba bayan haka, har bayan shekaru, amma da ƙyar da jan ƙafa. Da yawa daga masu zuwa wurinta a wannan lokacin ne suke can ana ta neman magani, domin ciwon da ya kayar da mutum farat ɗaya, ya karkatar masa da baki, ba wuya a ce iska ce ko jifa. Ba ta hana kowa tofi ko rubutu, takan ce a haɗa da zuwa asibiti. Abin da take roƙo a bari shi ne tsaga da gashi da ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji sosai takan ƙone mai ita bai sani ba. Mai jifan kuwa sananne ne. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda aka wallafa a 2018, ya duba majinyata sama da 2,000. Hawan jini ne ya fito a sahun gaba, da tazara mai nisa. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, kuma kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce ta same su, wadda ta fi toshewa haɗari.

A ɓangaren mata na tarar da su biyun da har yau suke raina. Ɗaya dattijuwa ce mai cikar kamala, ta doshi shekara 60, hannunta na hagu cikin wata safa mai kauri, na dama kuma yana ta fama da maɓallin tsohuwar rigar nan. Ɗayar ba ta wuce 40 ba, tana zaune a gefenta da carbi, duk maɓallin da ya shiga sai ta ja ƙwaya ɗaya. Na gaishe su, na ce wa ƙaramar sannu da jinyar Mama.

"Yayata ce," in ji ta. "Uwargidana."

Dattijuwar ta dube ni ta yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. Maganarta ta dawo, sai dai a hankali take fita, tana tsayawa neman kalma. "Kishiyata ce, 'yar nan. Faɗi gaskiya, Amarya, ba abin kunya ba ne."

Mai kitso ce. Fiye da shekara 30 tana yi, kuma a unguwarsu ba a kai amarya ɗakin miji sai kanta ya bi ta hannunta. An daɗe da gaya mata tana da hawan jini, amma sai kai ya sara take shan maganin. Wata 7 da suka wuce tana alwalar asuba buta ta suɓuce mata. Ta sunkuya za ta ɗauka, ba ta ƙara tashi da kanta ba sai bayan makonni. 'Ya'yanta mata duk suna aure a wasu garuruwan. Sun zo sun yi iya yinsu, mazajensu suka kira, suka koma. Sai gida ya rage daga ita sai maigidan, sai yara, sai amaryar da suka yi shekara 15 tare ba faɗa ba daɗi, daga gaisuwa sai rabon girki.

"Kin san abin da ya fi yi mini ciwo?" Ta ajiye rigar. "Ba kitson ba ne. Tsarki. Mutum bai san da hannu biyu yake tsarki ba sai ɗaya ya tafi. Dama ta riƙe buta, hagu ta wanke. To ni wa zai riƙe mini butar? Zane ma da hannu biyu ake ɗaura shi. Ni da ko 'ya'yana ba su taɓa ganin cinyata ba, sai ga ni a gaban wannan yarinya. Na daina shan ruwa da yamma don kada in tashe ta da dare."

"Ni kuwa ban sani ba," in ji amaryar. "Na ga dai tana ramewa, leɓenta na bushewa."

Abinci ma haka. Tun muna yara ake buge mana hannu in mun kai hagu akushi, kuma wannan tarbiyya ba ta barin mutum don ya kwanta ciwo. Uwargidan ta ce in aka ajiye mata tuwo sai ta jira jikokin gidan sun fita, ta juya ta fuskanci bango, sannan ta ci da hagu. Da amaryar ta gane, sai ta fara ba ta a baki. Ta yi mata wanka, ta ɗaura mata zane, ta tsefe mata kai, ta sa mata takalmi. Unguwa ta ɗauka. Ana cewa ga kishiya 'yar aljanna, a zo a gani. Wata biyu aka yi a haka, ƙafa ta fara takawa, hannun na kwance a cinya.

Ranar da suka fara zuwa wannan ɗaki likitar ta duba hannun, ta ga wuyansa na ɗan ɗagawa, yatsu kuma na ɗan miƙewa. Wannan ɗan motsin shi ne sharaɗin horon da aka gina a kan binciken Taub, inda ake killace hannu mai lafiya a tilasta wa mai ciwo aiki. A 2006 an wallafa sakamakon gwajinsa a Amurka a kan mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da kamuwa. Mako biyu suka yi da safa a hannu mai lafiya kusan duk tsawon wuni, ana horar da ɗayan har awa 6 a rana, kuma bayan shekara guda sun fi waɗanda ba a yi wa haka ba amfani da hannun. Ba asibitin da ke da ma'aikatan da za su ba mutum ɗaya awa 6 a nan, don haka likitar ta rage shi zuwa abin da gida zai iya: safa na 'yan awanni, cin abinci da dama, da ayyukan yatsu. Sannan ta juya ga amaryar ta ce daga yau ta daina ba ta a baki.

"Wallahi Hajiya, ya fi mini wanka da wanki wuya," amaryar ta ce da ni. "Ina zaune, tana kai loma tana faɗuwa. Miya a zane, miya a tabarma. Tuwon da za a ci a ɗan lokaci sai ya huce ya sandare. Ta dube ni, in sunkuyar da kai. Hannuna har ƙaiƙayi yake."

Rannan sai ga wata ƙanwar uwargidan ta zo dubiya ba sanarwa. Abin da ta gani shi ne yayarta da hannu a ɗaure, abinci a jikinta, hawaye a fuskarta, kishiya kuma na zaune ta naɗe hannu tana kallo. Kafin magariba magana ta kai ga 'ya'yan. Babbar ta bugo waya tana kuka. Waɗanda suka yi yabo jiya su ne suka ce dama lamɓo take, yanzu ta samu dama ta fito da halinta. Maigidan, da ba ya zuwa asibitin, ya shigo ya ce a cire wannan safa, ba a gidansa ba.

"Na cire," in ji amaryar. "Na koma ba ta a baki. Na ce in hannun bai warke ba ba wanda zai zage ni, amma in na ci gaba har 'ya'yana za a goranta wa."

Ba na ganin laifinta, kuma ba na ganin laifin ƙanwar. Mu mutane ne da ke auna ƙauna da hidima. Majinyacinmu ba ya ɗaga ko tsinke, kuma wannan hali ne mai kyau da ya rufa wa dubban marasa lafiya asiri a ƙasar da jinya ke kan dangi. Amma a wannan ciwon, hidimar da ta wuce wuri tana ƙwace wa hannu damar da ta rage masa. Wanda aka ce ya janye kuwa ana ɗora masa nauyi biyu, ga tausayin da ke cin zuciyarsa, ga idon mutane. In 'yar cikinta ce za a ce umarnin likita take bi. Kishiya ba ta da wannan rigar kariya.

Mako uku aka yi, yatsun suka fara komawa ciki. Uwargidan ce da kanta ta warware matsalar. Ta sa aka kira mata ƙanwar tata da maigidan, ta sa aka bugo wa babbar 'yarta waya aka buɗe murya.

"Na ce musu ni na sa ta. Na ce duk mai sona ya bar ni in zubar da miya. Ku za ku tafi gidajenku, ni ce zan zauna da hannun nan. Ita kuma yarinyar nan ta ga abin da ku ba ku gani ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wanda ya sake zaginta ni ya zaga." Ta numfasa. "Malam bai ce komai ba. Washegari da kansa ya kawo mu asibiti."

Likitar ta ce tun daga lokacin ta canza tsarinta. Kafin ta ba kowa safa sai ta ce a zo mata da mai faɗa a ji a gidan, miji ne ko wa ko babban ɗa, ta yi masa bayani da bakinta, domin ta gane cewa ba a ɗora wa mai jinya umarnin da ba ta da ikon karewa.

Carbin da ke hannun amaryar shi ma yana da dalili. A 2009 wasu masu bincike ƙarƙashin Catherine Lang sun zauna a ɗakunan gashi a Amurka da Kanada suna ƙirga sau nawa majinyaci ke maimaita aikin hannu a zama ɗaya. Matsakaicin abin da suka samu 32 ne, alhali a gwajin dabbobi sai an yi ɗaruruwa a rana kafin a ga sauyi a ƙwaƙwalwa. A sashen gashi na Jami'ar Bayero da ke Kano an gwada auna horon da yawan maimaici, sau 300 ko 600 a rana, a maimakon yawan awanni, aka ga hakan ma na kawo cigaba. Wannan ya dace da gidajenmu, inda ba kowa ke kallon agogo ba amma kowa ya iya jan carbi. Zagaye ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar, an doshi 300 ke nan. Zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako don gyara ne da ƙarin mataki. Ainihin aikin a tsakar gida yake.

Muna cikin hira aka kira likitar ɓangaren maza, na bi ta. Wani kafinta ne da bai wuce shekara 45 ba, shekararsa biyu da ciwon. Ya sa hannun dama a bayan madubi, yana buɗe na hagu yana rufewa a gabansa, idonsa na kan hoton, wanda ke nuna masa kamar daman ce ke motsi. Wannan dabara ta V. S. Ramachandran ce, ya fara ta ne don masu jin ciwo a gaɓar da aka yanke, daga baya aka gwada ta ga masu shanyewar jiki. Ta fi amfani ga wanda yatsunsa ba su motsi har a ba shi wake. Na kafintan ba su motsa ba. Wani bincike a ƙasar Holan a 2010 ya nuna cewa waɗanda suka iya ɗan miƙe yatsa da ɗan ɗaga kafaɗa cikin kwana 3 na farko, kusan dukkansu sun samu wani amfani da hannun a wata 6. Cikin waɗanda ba su iya ko ɗaya ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai.

Likitar ba ta ɓoye wa kafintan wannan ba, kuma na ga girmanta a nan. Akwai masu sayar da fata da yawa a kan wannan ciwo, mai neman lafiya kuma ba ya ƙin biya. Ita ta ce masa za su ci gaba da gwadawa, amma kada ya jingine rayuwarsa yana jira. Ta koya wa matarsa yadda za ta riƙa miƙar da yatsun a hankali kullum, ta wanke tafin ta busar, ta yanke farce don kada ya nutse a nama. Shi kuma tana koya masa ɗaura maɓalli da sa hannu a takarda da hagu. Wannan a ƙa'ida aikin wasu ƙwararru ne daban, masu koyar da ayyukan yau da kullum, amma ƙalilan ne a ƙasar nan, don haka masu gashi ke haɗawa da nasu.

"Na tambayi malamin unguwarmu batun ci da hagu," kafintan ya ce da ni. "Ya ce lalura ce, ba laifi a kaina. Tun ranar nake cin abinci da abokaina a bakin shago. Wannan kuma," ya ɗago daman da hagunsa ya ɗora a kan teburin, "in dai zai danne mini katako, hagu za ta ja zarto. Yarana biyu na shagon, su buga ƙusa."

Da muka koma, uwargidan ta gama maɓallanta, amaryar na nuna wa wata sabuwar mai jinya yadda ake tallafo majinyaci ta ƙugu. Yanzu uwargidan na riƙe buta da dama in ba a cika ta ba, tana shiga banɗaki ita kaɗai, tana cin tuwo da jikokinta. Yatsun ba su da sauri, kuma in ta gaji suna dunƙulewa. Likitar ta sa ta juya tafin sama da ƙasa, ta taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ta rubuta abin da ta gani a kati.

"Mama, maɓalli ya ishe ki haka. Daga wannan makon kibiya da mataji za ki koma."

Dattijuwar ta girgiza kai. "Likita, wa zai ba ni kansa? Mai wannan hannun?"

"Ga nawa, Yaya," in ji amaryar. "Shekara 15 sai dai in ga kitsonki a kan mutane."

A gidaje da yawa mace ba ta miƙa wa kishiya kanta, ko gashin da ya zuba a mataji ba ta bari a gani. Su duka biyun sun san haka, likitar ma ta sani, amma ba ta tsaya a kai ba, sai ta shiga jero sharuɗɗa. Kalba biyu manya za a fara da su. A zauna a kujera mai majingina, gwiwar hannu a kan matashi, amarya a ƙasa a gabanta. Dama ce za ta riƙe kibiya ta tsaga, hagu ta taya amma kada ta karɓe. In kafaɗa ta fara ciwo a dakata. Maganin hawan jini kuwa kullum ne, kai ya sara ko bai sara ba, domin wanda ya taɓa yin wannan ciwo yana cikin haɗarin sake yi.

"Kin ji ko, Amarya," uwargidan ta ce tana laluben takalminta da ƙafa. "Ki dai tanadi ɗankwali, don tsagar farko ba za ta miƙe ba."